Inabin Kudan ya isa a zana shi, amma sunan wa za a rubuta a ƙasa?

Bari in fara da laifina tukuna kafin in taɓo na wani. Ina da ɗan shago a Tudun Wadar Zariya, aikina buga fosta da sitika da katin biki da allon talla, irin aikin nan dai na kwamfuta da firinta wanda in babu wuta sai ka zauna kana kallon janareta yana shanye maka riba. Bara da sanyi wani abokina ya matsa min sai na raka shi gonar kawunsa can wajen Hunkuyi a ƙaramar hukumar Kudan, wai in zo in ga inabi a jikin uwarsa, tunda ni iyakar sanina da inabi shine a baro ko a 'yar roba a bakin titi wajen PZ. Na je ne kawai don kar ya ce na raina shi, amma wallahi da muka sunkuya muka shiga ƙarƙashin rumfar nan sai na yi tsit. Turaku a jere, an ja waya ta sama ko'ina, kuranga ta bi wayar ta rufe sama ruf, rana tana ratsowa ta tsakanin ganye tana zuba a ƙasa ɗigo-ɗigo kaman an watsa kwabbai, ga curin inabi suna reto daidai goshinka, wani kore, wani ya fara ja, wani ya yi baƙi, kana leƙawa waje kuma sai hazo da busasshiyar ƙasa da karan dawa. Ni da nake wuni ina haɗa kala a kwamfuta ban taɓa haɗa irin wannan ba. Na ciro waya na yi ta ɗauka har caji ya kusa mutuwa.

Bayan 'yan satuttuka wani mai sayar da lemo da kayan marmari ya zo yana son allon talla, na buɗe hotunan nan na zaɓi wanda ya fi kyau, na ƙara masa haske na ɗora sunan shago a kai na karɓi kuɗina. Ko a raina ban kawo komai ba. Sai ga shi ran nan Kawun ya shigo Zariya ganin likita, suna cikin keke shi da abokina sai ya ce a tsaya, ya sauka ya je gaban allon ya tsaya yana kallo. Akwai wani turke guda ɗaya da ya karkace da wani shuɗin tsumma da ya ɗaura don korar tsuntsaye, da su ya gane. Da suka ƙaraso shagona na durƙusa na gaishe shi, sai ya ce min, "Ɗana, ashe gonata ta riga ni shigowa birni, har ta samu aiki ban sani ba." Ya yi dariya, kowa ya yi dariya, ni kuwa ji na yi kaman ƙasa ta tsage in shige. Bai nemi ko sisi ba, wannan ɗin ne ma ya fi damuna.

To tun daga ranar nake ta juya maganar nan. Yanzu gonakin inabin Kudan sun fara suna, kana buɗe Facebook ko TikTok za ka ga matasa sun je sun tsaya ƙarƙashin rumfa ana ɗaukarsu, wasu ma ba su yarda a Najeriya bane sai an rantse musu. Kuma mu nan Zariya muna da abin da garuruwa da yawa ba su da shi, wato sashen koyar da zane da sassaƙa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) a Samaru, ga magina masu zanen bango a cikin birni, ga masu ɗinkin hannu na riga da hula, ga irinmu 'yan kwamfuta. Ra'ayina shine ya kamata waɗannan hannayen su haɗu su yi aiki ɗaya a kan gonakin nan, babban aiki wanda mutum ɗaya ba zai iya ba. Amma in dai irin abin da na yi ne za a yi da babban suna, a je a ɗauki hoto a dawo a zana a rataya a wani zaure a Abuja da sunan mutum ɗaya a ƙasa, to gara a bar wa manoma gonarsu su huta.

Na san abin da wani zai fara cewa, wai ai zane a kan gonar inabi al'adar masu giya ce. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A Faransa akwai wani gidan giya mai suna Mouton Rothschild da tun 1945 kusan kowace shekara suke sa wani shahararren mai zane ya yi musu hoton da za a manna a kwalba, har Picasso na cikinsu a ta 1973, kuma ladan aikin ma da kwalaben giyar ake biya. Wannan nasu ne, Allah ya raba mu. Amma inabin Kudan na ci ne, shi ake kai wa mara lafiya a asibiti, shi ake sa wa a faranti lokacin buɗa baki. Kuma kafin Faransawa su fara manna hoto a kwalba mu muna karanta inabi a Alƙur'ani, a Suratul Kahfi akwai mutumin da aka ba gonaki biyu na inabi aka kewaye su da dabino aka sa shuka a tsakani, wanda in ka lura wannan ayar kanta fasalin gona ta zayyana maka har kana ganinta a ido. Duk yaron da ya yi Islamiyya kuma ya san labarin Ɗa'ifa da Addas da ya kawo wa Manzon Allah (SAW) inabi a faranti. Don haka ni ban ga dalilin da zai sa mu sakar musu 'ya'yan itacen nan ba kaman su suka halicce shi.

Sai maganar hukuncin zane, wadda ita ce ta fi nauyi a wajen mutanenmu kuma ba abin wasa bace. Ni ba malami bane, amma abin da aka karantar da mu a Bukhari da Muslim shine wani mutum ya zo wajen Ibn Abbas ya ce da zanen hotuna yake ci, Ibn Abbas ya tsoratar da shi a kan zanen mai rai, sannan ya nuna masa cewa in ya zama dole to ga bishiyoyi nan da duk abin da ba shi da rai. To me ya fi gonar inabi dacewa da wannan? Ganye ne da reshe da turaku da haske. Je ka duba hotunan cikin Ƙubbatus Sakhra a Ƙudus, wadda aka gina zamanin Abdulmalik ɗan Marwan wajen shekara ta 72 bayan Hijira, bangon cike yake da rassa masu nannaɗewa da ganye da 'ya'yan itace har da inabi, an jera su da ƙananan gutsattsarin gilashi masu kala, babu mutum babu dabba, kuma ba hannu ɗaya ya yi ba, taron masu sana'a ne. Iyaye da yawa a garin nan suna hana yaro karanta zane saboda tsoron nan, ni ina ganin aiki irin wannan zai iya zama ƙofar da uba zai ga ɗansa da buroshi a hannu hankalinsa bai tashi ba.

Yanzu bari in ba ku labarin da ya sa nake cewa a yi hattara da kalmar haɗin gwiwa. A 1888 wani mai zane ɗan ƙasar Holan, Van Gogh, ya koma wani gari a kudancin Faransa da ake kira Arles ya kama haya, burinsa ya tara masu zane a gida ɗaya su rinƙa aiki tare suna cin tukunya ɗaya. Mutum ɗaya ne ya amsa kira, Gauguin, wanda a bakin Faransawa sunan ke fita kaman Gogan, kuma gogan naka ya iso a watan Oktoba. Talauci ya ishe su har Gogan ya sayo algarara mita 20, irin ta buhu, suka yanka suka raba suna zane a kai. Wata rana da yamma bayan ruwan sama suka bi ta wata gonar inabi da ganyenta ya rine ya yi ja, kowa ya dawo ya zana nasa. Na Van Gogh shine wanda ake kira Jar Gonar Inabi, wata mata 'yar Beljiyam mai suna Anna Boch ta saye shi faran 400 na kuɗin can a 1890, shine ake yawan cewa shi kaɗai ya sayar a rayuwarsa, yanzu yana gidan tarihi na Pushkin a Mosko. Zaman nasu kuwa sati tara kawai ya yi, suka yi ta faɗa har abin ya ƙare da Van Gogh ya yanke nasa kunnen da hannunsa a watan Disamba, Gogan ya tattara ya gudu.

Abin da ya tsaya min a labarin ba kunnen bane. A cikin hoton nan akwai mata a sunkuye suna tsinkar inabi, su suka cika gonar, duniya ta san sunan wanda ya zana da wadda ta saya da nawa ta biya, su kuwa matan ko ɗaya ba a kiran sunanta. Shi Gogan ma ya fi haka ƙarfin hali, a nasa hoton sai ya sa wa gonar mata masu shigar wani yanki can arewa maso yammacin Faransa inda ya baro, kuma da kansa ya faɗa a wasiƙa cewa bai damu ba ko hakan bai dace da zahiri ba. Wato mai aikin gona a wajensu ado ne kawai, kaman turke ko kwando, in bai yi maka ba ka canza shi. Abin da na yi wa Kawu kenan, bambancin kawai ni firinta gare ni su kuma buroshi.

Kuma kar mu yi ta nuna Turawa da yatsa, a gida ma haka muke. Ɗauki babbar riga mai aska takwas da ake ɗinkawa a cikin birnin Zariya. Wani ne zai zana fasalin aikin a jikin yadin, wasu su zauna sati da satuttuka suna bi da allura, yanzu ma da yawa mata ne a cikin gida suke wannan ɗinkin idonsu na ƙarewa, sannan a kai wa masu bugu su buga ta ta yi sheƙi, daga ƙarshe dillali ya ɗauka ya kai wa mai kuɗi. Ranar Sallah in an ga rigar a hawa wa ake yabo? Wanda ya saka. Wa ya fi cin riba? Wanda bai taɓa riƙe allura ba. Masallacin Juma'a na birni da aka gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, Babban Gwani Malam Mika'ilu muke kira, kuma ya cancanta, har unguwa ke amsa sunan, amma waɗanda suka kwaɓa ƙasa suka mulmula tubali suka ɗauko azara fa? Aikin taro dai mun iya shi tun kaka da kakanni, rabon suna da rabon kuɗi ne kullum ake tafka magudi a ciki.

Inda muka iya rabon shine a gayya. Wanda ya taso a ƙauye ya sani, mai gona zai kira gayya, a dama fura a tuƙa tuwo, makaɗa su zo da gangar noma, samari su jeru kowa ya kama kunyarsa, kuma duk da gonar ta mutum ɗaya ce aikin kuma na taro ne, babu wanda ke ɓacewa a ciki, makaɗi yana kiran sunanka yana maka kirari, kowa na ganin kunyar wane ta miƙe ta wane ta karkace, gobe kuma in taka gonar ta tashi su ma za su zo. Wannan tsarin nake so a ɗauko a sa a zane.

Ga yadda nake hango shi, kuma ba wani abu bane mai bukatar biliyan. A samu doguwar katanga a Hunkuyi ko cikin garin Kudan, ta makarantar firamare ko ta tasha ko bakin kasuwa, inda manomin da kansa zai rinƙa wucewa kullum. Kafin a taɓa fenti masu zanen su je su yi kwanaki a gona, ba yinin ɗaukar hoto ba, su ga ban ruwa, su ga feshi, su ga yadda ake fama da tsuntsaye. Manoma su ne za su faɗi abin da za a zana, don su suka san cewa a ƙasar zafi irin tamu kuranga ba ta barci kaman yadda take yi a ƙasashen sanyi, sai an datse mata rassa da hannu sannan take sabon toho ta yi fure, kuma damina da muke murna da ita su lokacin ne ciwon ganye ke damunsu. Magina su fitar da turaku da rassan da zane mai tudu irin na bangon gidajen birni, ɗalibai su zo da ilimin kala da na haske, yaran makarantar a ba kowa ganye ɗaya ya cika, masu ɗinki su ɗauki fasalin su mayar da shi kan hula da zanen gado da za a iya sayarwa. A gefe guda kuma a bar fili a rubuta sunan duk wanda ya sa hannu, da boko da ajami, har mai ɗebo ruwan kwaɓa siminti, sunan mai gona a sama. In akwai kuɗi a faɗi nawa ne a gaban kowa tun ranar farko.

Akwai kuma ɓangaren ciniki, don na san wani yana can yana cewa mutane na fama da tsadar masara kai kana maganar fenti. Ka shiga babban kanti ka ga inabin da ake kawowa daga Afirka ta Kudu ko Masar, yana cikin roba mai kyau da tambari da sunan inda ya fito, namu kuwa sau da yawa a kwalin taliya ko na sabulu yake isowa kasuwa, mai saye bai ma san daga Kudan yake ba, wani ma ƙarya ake masa a ce na waje ne don ya biya da tsada. In aikin katangar nan ya haifar da tambari guda ɗaya mai kyau da manoman suka yarda da shi kuma mallakinsu ne, wanda za a buga a kwali da sitika, to zane ya shiga aljihun manomi kenan. Nan ne ma irina za su yi amfani, kuma eh na sani, ina da riba a ciki, gara in faɗa da bakina kafin a faɗa min.

Masu zanen da suka yi karatu su ma suna da nasu ƙorafin kuma ban raina shi ba. Wata ƙanwata da ta karanci zane ta ce min, "Yaya, duk aikin da aka ce kowa sai ya sa baki to ƙarshensa jagwalgwalo ne, hannu da yawa ba kullum yake maganin ƙazamar miya ba, wani lokacin shi ke kawo ta." Gaskiyarta. Dole a samu gwani ɗaya da zai riƙe fasalin gaba ɗaya ya ce wannan kalar ba ta shiga nan, kaman yadda gayya ma take da sarkin noma. Abin da ban yarda da shi ba shine a ce don kai ka riƙe fasali to kai kaɗai ka yi aikin. Na kuma tuna mata cewa sashen nasu da suke alfahari da shi, sunansa ya fito ne daga ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, tun makarantar ba ta zama ABU ba sai a 1962, kuma abin da suka yi wa tawaye shine a koya musu zane kaman suna Landan alhali suna Samaru. Suka ce a haɗa dabarar Bature da abin gida. Uche Okeke ya koma ya ɗauko zanen uli na matan Ibo ya gina aikinsa a kai. To mu 'yan gida da aka yi wannan tawayen a ƙofarmu, me muka ɗauko daga bangon Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, balle daga gonar da ke nan kusa da mu?

Tsorona guda biyu ne kuma duk na gida ne. Na farko ɗan siyasa ya ji labari ya zo ya ce zai ɗauki nauyi, kafin ka ankara an manna fuskarsa a tsakiyar inabin da hula a karkace, in zaɓe ya wuce abokan hamayya su zo su shafe katangar gaba ɗaya. Na biyu a mayar da shi taron bita, a kama zaure a otal, a raba jaka da biro da kuɗin mota, a ɗauki hoton rukuni, manomi ɗaya a sa shi a layin gaba da sabuwar riga don hoton ya yi kyau, shikenan an gama. In ɗayan biyun nan ne zai faru na fi son a fara da ƙaramar katanga da kuɗin karo-karo, ko buhun siminti biyar ne da galan ɗin fenti kaɗan.

Ni dai na koma Hunkuyi bayan Sallah da rabin kuɗin allon nan a ambulan. Kawu ya ƙi karɓa, sai da abokina ya sa baki sannan ya ce a ba yaran da ke masa ban ruwa. Na nuna masa wani zane da na fara a kwamfuta na rumfar tasa, ya karɓi wayar ya nisanta ta da ido ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, ganyen nan naka na kabewa ne, kuma inabi ba ya fitowa a tsohon reshe, a sabon toho yake fita." Ya ce in ina so in iya to in bar zuwa lokacin da gona ta yi kwalliya, in zo ranar da suke mata aski, ranar da babu ganye babu 'ya'ya sai waya da ƙashin kuranga, in zo da almakashi ba da waya ba. Na ce masa to Kawu, in na zo da mutum biyar fa, masu zane da magini? Ya ce in dai za su iya tashi da asuba su zo, akwai fura.